Fagen Tambaya da Amsa: Shin Lissafin Tsammani Ya Isa Hujjar Zuba Duk Jari a Kamfani Ɗaya?

TAMBAYA:

Assalamu alaikum. Malam, ni malamin makarantar sakandare ne, kuma na tara naira miliyan ɗaya daga adashi da kuɗin ragunan da na yi kiwo na sayar lokacin babbar salla. Ina so in sayi hannun jarin wani babban kamfani da ke kasuwar hannun jari ta Legas, in bar shi shekara biyar ban taɓa ba. Ƙanena da ke karatun tattalin arziki a jami'a ya zauna ya yi mini lissafi. Ya ce yiwuwar kuɗin ya ninka sau uku kashi 50 cikin 100 ce, yiwuwar ya tsaya yadda yake kashi 40, yiwuwar ya koma rabi kuma kashi 10. Ya auna kowane sakamako da kason yiwuwarsa, ya haɗa, ya samu naira 1,950,000, ya ce wannan shi ne matsakaicin abin da zan sa ran samu, saboda haka in zuba kuɗin duka. Shin lissafin nan daidai ne, kuma ya isa hujjar in saka duk abin da na tara?

Daga wani malamin makaranta, Gusau.

AMSA:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, na gode da wannan tambaya, kuma zan fara da wanke ƙanenka, domin ta fuskar haɗa alƙaluma bai yi kuskure ba. Rabin naira miliyan uku shi ne 1,500,000, kashi 40 cikin 100 na miliyan ɗaya 400,000 ne, kashi 10 cikin 100 na 500,000 kuma 50,000 ne, idan aka tara su sai a samu 1,950,000 cif. Wannan hanya ta auna kowane sakamako gwargwadon yiwuwar aukuwarsa, wadda zan riƙa kira matsakaicin tsammani, ta fi abin da yawancin masu sayen hannun jari suke yi nesa ba kusa ba, domin da yawansu cinikin biri a sama suke yi: su ji a majalisa ko a WhatsApp cewa kamfani kaza zai tashi, su ruga su saya. Ɗan kasuwar Dawanau da ke sayen masara da kaka ya ajiye zuwa damina irin wannan awon yake yi a zuci, yana tuna shekarar tsada da shekarar araha da shekarar da ƙwari suka ɓata masa buhuna, sannan ya yanke yawan abin da zai saya. Abin da ƙanenka ya fi shi kawai shi ne ya rubuta nasa a takarda, abin da aka rubuta kuwa ana iya zama a bincika shi.

To mu bincika. Tambayar da ya kamata ka fara yi masa ita ce, daga ina ya samo kashi 50 ɗin nan? Duk nauyin lissafin a kan wannan adadi ɗaya ya rataya, domin shi ya kawo 1,500,000 daga cikin 1,950,000. Kafin kuɗi ya ninka sau uku cikin shekara biyar, sai farashin hannun jarin ya riƙa hawa da kusan kashi 25 cikin 100 kowace shekara, har shekara biyar a jere. Farashin hannun jari kuwa, idan zama ya yi tsawo, abu biyu ne suke jan ragamarsa: ribar da kamfani yake samu a kan kowane hannun jari, da kuma ninkin wannan ribar da masu saye suka yarda su biya. A ɗauka ana sayar da hannun jari ɗaya naira 100, kamfanin kuma yana samun ribar naira 10 a kansa a shekara, wato kasuwa tana biyan ninki goma. Idan ribar ta riƙa ƙaruwa da kashi 20 cikin 100 duk shekara, bayan shekara biyar za ta kai kusan naira 25, sannan sai masu saye sun yarda su biya ninki goma sha biyu kafin farashin ya kai naira 300. Ka ga ke nan sai abubuwa biyu sun yi kyau a tare. Hanyar da za a san ko hakan ya kusa da hankali ita ce a ɗauko rahoton shekara-shekara na kamfanin, na shekara biyar zuwa goma da suka wuce, a ga yadda ribarsa ta tafi, da yawan bashin da ke kansa, da ko bashin na naira ne ko na dala, da abin da ya saba raba wa masu hannun jari. Kason yiwuwar da bai fito daga irin wannan karatu ba, fata ne kawai aka sa masa lamba.

Don ka ga yadda lissafin yake da saurin jirkicewa, bari in sauya alƙaluman kaɗan, a matsayin misali kawai. A ce yiwuwar ninkawa sau uku kashi 30 ce, tsayawa wuri ɗaya kashi 45, komawa rabi kashi 20, salwantar kuɗin gaba ɗaya kuma kashi 5. Matsakaicin zai zama 900,000 da 450,000 da 100,000 da sifiri, wato 1,450,000. Ribar da ake hange ta faɗo daga 950,000 zuwa 450,000, ƙasa da rabi, alhali kamfanin bai sauya ba, ra'ayinmu a kansa ne kawai ya ɗan yi sanyi.

Da gangan na ƙara wannan sakamako na huɗu, domin shi ne ƙanenka ya tsallake, kuma tarihin kasuwarmu bai ba mu damar tsallake shi ba. Bayan da Babban Bankin Nijeriya a ƙarƙashin Charles Soludo ya wajabta wa bankuna ɗaga jarinsu zuwa naira biliyan 25 kafin ƙarshen 2005, bankuna suka yi ta fito da sababbin hannayen jari, jama'a suka yi ta rububin saye, wasu har da rance daga bankunan kansu. A watan Maris na 2008 ma'aunin da ke nuna farashin dukkan hannayen jarin kasuwar ya haura maki 66,000, cikin shekara guda kuma ya zubar da kusan kashi 70 cikin 100 na darajarsa. A watan Agusta na 2009 gwamnan Babban Banki na lokacin, Sanusi Lamido Sanusi, ya sauke shugabannin bankuna biyar. A Agustan 2011 aka soke lasisin Afribank da Spring Bank da Bank PHB, aka miƙa kadarorinsu ga sababbin bankuna, tsofaffin masu hannun jari suka tashi a tutar babu, ba uwa ba riba. A Satumban 2018 irin haka ta faɗa wa Skye Bank. Waɗannan ba ƙananan kamfanonin da ba a san da su ba ne, bankuna ne masu rassa a manyan garuruwanmu, kuma waɗanda suka saya a 2007 ba su sa salwanta cikin lissafinsu ba. Shi kansa ma'aunin kasuwar bai koma matsayinsa na 2008 ba sai a Agustan 2023, bayan shekara goma sha biyar, a lokacin kuwa dalar da ake canzawa kimanin naira 118 ta haura naira 700. Wanda ya ce riƙe hannun jari na dogon lokaci yana share kowace asara, ya dubi waɗannan shekaru.

Ko kamfanin da bai durƙushe ba yana iya shiga wani yanayi da babu wanda ya rubuta a takardarsa. A watan Disamba na 2021 an sayar wa jama'a hannun jarin MTN Nigeria a kan naira 169 kowane ɗaya, kamfani ne mai miliyoyin masu amfani da layinsa, cinikinsa kuma yana ƙaruwa. Da aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa a watan Yuni na 2023, nauyin da ke kansa na dala ya kumbura, ya bayyana asarar kimanin naira biliyan 137 a wannan shekarar da kimanin biliyan 400 a 2024, rabon riba ya tsaya, kafin ya farfaɗo ya koma riba a 2025. Wanda ya iya jira ya ga farfaɗowar, wanda kuɗin makaranta ko na asibiti ya tilasta masa sayarwa a tsakiyar rikicin kuwa bai gani ba.

Sai batun darajar naira, wanda a ƙasarmu ba a isa a kau da kai daga gare shi ba. Miliyan ɗaya ya zama 1,950,000 cikin shekara biyar daidai yake da ƙarin kimanin kashi 14 cikin 100 a shekara. A watan Disamba na 2024 hauhawar farashi a Nijeriya ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Ko da mun sassauta mun ɗauka cewa kayan masarufi za su riƙa tsada da kashi 20 kawai a shekara, abin da naira 1,950,000 za ta saya bayan shekara biyar bai wuce abin da kimanin naira 784,000 take saye yau ba. Haka nan dole a gwada da abin da kuɗin zai samu a wurin da haɗarinsa bai kai haka ba. Sukuk (takardar zuba jari bisa tsarin Musulunci, mai biyan kuɗin haya maimakon kuɗin ruwa) na farko da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2017 ya biya kuɗin haya na kashi 16.47 cikin 100 a shekara, wato naira 164,700 a kan kowane miliyan ɗaya, tare da alkawarin mayar da uwar kuɗi a ƙarshen wa'adi. Hannun jarin da matsakaicin tsammaninsa bai zarce irin wannan da tazara mai kauri ba, bai biya ka ladan haɗarin da ka ɗauka ba. A ɗaya ɓangaren kuma, adalci shi ne a ƙara wa lissafin ƙanenka ribar da kamfanin zai riƙa rabawa duk shekara, wadda bai ambata ba, bayan an cire harajin kashi 10 cikin 100 da ake yankewa daga cikinta da ladan dillali na saye da sayarwa.

Yanzu mu zo ga rabin tambayarka na biyu, wanda shi ya fi damuna. A ɗauka an gyara duk waɗannan, alƙaluman sun fito daga bincike na gaskiya, matsakaicin tsammanin kuma ya yi kyau. Duk da haka bai zama hujjar zuba duk abin da ka tara ba, domin matsakaici rabon taron mutane ne, ko rabon wanda zai maimaita abu sau da yawa, kai kuwa mutum ɗaya ne mai miliyan ɗaya, kuma sakamako ɗaya tak zai same ka. Babu ranar da za a miƙo maka 1,950,000. Ko dai miliyan uku, ko miliyan ɗaya, ko rabi, ko babu.

Ga misalin da nake so ka zauna da ƙanenka ku lissafa da kanku. A ce akwai hannun jarin da kowace shekara ko dai ya hau da kashi 50 cikin 100, ko ya faɗi da kashi 40, kuma yiwuwar biyun daidai take. Matsakaicin tsammaninsa ƙarin kashi 5 ne a shekara, wanda a takarda zai mayar da miliyan ɗaya kimanin naira 1,629,000 cikin shekara goma. Amma dubi abin da zai sami mutumin da ya ga shekara ɗaya mai kyau da ɗaya maras kyau: miliyan ɗaya ya zama 1,500,000, sannan ya faɗi zuwa 900,000. Idan cikin shekara goma ya samu biyar masu kyau da biyar marasa kyau, wanda shi ne abin da ya fi yawan faruwa, zai tsira da kimanin naira 590,000 kawai. Sai ya dace da shekaru shida masu kyau ko fiye kafin ya ci riba, hakan kuwa yana samun kimanin mutum 38 ne cikin 100, sauran 62 asara za su yi. Abin da ya ɗaga matsakaicin shi ne 'yan tsirarun da sa'a ta bi su a jere, kamar mutum ɗaya cikin 1,024 da zai ga shekaru goma duka masu kyau, miliyan ɗayansa ya haura miliyan 57. Kuɗin wannan mutum ɗaya yana cikin matsakaicin da aka nuna maka, amma ba zai shiga aljihunka ba.

Wannan ba wasan lissafi kawai ba ne. Farfesa Hendrik Bessembinder na Jami'ar Jihar Arizona ya bi diddigin kamfanoni sama da 25,000 da suka shiga kasuwar hannun jari ta Amurka daga 1926 zuwa 2016, ya gano cewa fiye da rabin hannayen jarin ba su kai ko takardun bashin gwamnati na wata ɗaya riba ba a tsawon rayuwarsu, kuma kimanin kashi 4 cikin 100 na kamfanonin ne suka samar da dukkan dukiyar da kasuwar ta ƙara a kan waɗancan takardu. Binciken na Amurka ne, amma siffar abin ba ta da iyaka da ƙasa: kasuwa gaba ɗaya tana iya yin kyau alhali yawancin kamfanonin da ke cikinta ba su yi ba, wanda ya riƙe kamfani ɗaya kuwa ya fi kusa da faɗawa cikin masu yawan.

Abin sha'awa shi ne, a wancan misali na hawa 50 da faɗuwa 40, maganin yana cikin yawan abin da aka saka. Mutumin da yake saka kashi ɗaya cikin huɗu na dukiyarsa kawai, yana daidaita shi duk shekara, a shekara mai kyau dukiyarsa tana ƙaruwa da kashi 12.5, a maras kyau tana raguwa da kashi 10. Bayan biyar masu kyau da biyar marasa kyau yana da kimanin naira 1,064,000, a daidai inda wanda ya zuba duka ya koma 590,000. Kamfani ɗaya ne, shekaru iri ɗaya ne, girman abin da aka jefa cikin haɗari ne ya raba su.

Saboda haka shawarata gare ka, Malam, ita ce ka ci gaba da niyyarka ta mallakar hannun jari, domin barin kuɗi a kwance cikin irin wannan tsada shi ma asara ce, amma kada ka zuba duka a kamfani ɗaya. Fara ware abin da iyali za su buƙata idan albashi ya yi jinkiri ko rashin lafiya ta zo, domin kada a tilasta maka sayarwa ranar da farashi yake ƙasa. Abin da ya rage ka raba shi, wani kaso a sukuk ko makamancinsa, wani a kamfanoni da dama waɗanda abu ɗaya ba zai kayar da su tare ba, misali na siminti da na sadarwa da na abinci da na noma, ko ka shiga asusun haɗin gwiwa da ke riƙe da kamfanoni masu yawa. Kamfanin da ka ƙwallafa rai a kansa yana iya samun kaso mafi girma idan bincikenku ya tabbatar da shi. Kada ka ci bashi don sayen hannun jari ko da lissafin ya yi kyau kamar me. Ka bi ta hannun dillalin da ke da rajista da hukumar SEC mai kula da kasuwar hannun jari, ka tabbatar an buɗe maka asusun CSCS, inda ake ajiye hannayen jarin da mutum ya saya, da sunanka, ka kuma cike takardar da za ta sa rabon riba ya riƙa shiga asusunka na banki kai tsaye. Takardar ƙanenka kuma ku adana ta, duk lokacin da kamfanin ya fitar da rahoton shekara ku sake duba kason yiwuwar da kuka rubuta.

TAMBAYA:

Malam, barka da aiki. Na ji ana cewa wannan lissafi na yiwuwa daga wurin 'yan caca aka samo shi. Idan haka ne, mene ne bambancin mai sayen hannun jari da ɗan caca, tunda dukansu ba su san abin da gobe za ta haifar ba?

Daga wata ma'aikaciyar jinya, Zariya.

AMSA:

Malama, barka kadai. Abin da kika ji yana da tushe, domin a 1654 ne masana lissafi biyu na Faransa, Blaise Pascal da Pierre de Fermat, suka yi musayar wasiƙu kan yadda za a raba kuɗin wasan caca da aka katse kafin a gama, daga nan kuma wannan fanni ya tsiro. Sai dai yau da shi ake auna ingancin magani da hasashen damina da haɗarin gina madatsar ruwa, kuma shi ne ma yake tona asirin caca. Idan ƙungiyoyin ƙwallo biyu ƙarfinsu ɗaya, kuma wasan ba ya ƙarewa canjaras, kamfanin caca ya yi alkawarin biyan naira 1,900 ga wanda ya sa 1,000 ya ci, matsakaicin abin da ɗan caca zai samu 950 ne, wato ya yi asarar naira 50 tun kafin a take leda, kuma duk abin da wani ya ci daga aljihun wani ya fito, babu abin da aka samar. Mai hannun jari kuwa ya mallaki wani yanki ne na kamfanin da ke sarrafa siminti ko sukari ko takin zamani, yana tarayya a riba da asara kamar kowane abokin haɗin jari. Rashin sanin gobe ya haɗa manomi da ɗan kasuwa da mai kiwo, lissafin kuma ba da'awar sanin gaibu ba ne, ƙoƙarin kiyaye dukiya ne kafin a miƙa lamari ga Allah.

Ta fuskar shari'a, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar a zamanta na Jidda a 1992 cewa ya halatta a sayi hannun jarin kamfanin da asalin sana'arsa halal ce, ban da wanda aka kafa a kan haram kamar kuɗin ruwa ko giya. Game da kamfanin da sana'arsa halal ce amma yana ɗan mu'amala da kuɗin ruwa, malamai sun yi saɓani, waɗanda suka sassauta kuma sun gindaya sharuɗɗa: a ƙa'idar hukumar AAOIFI da ke Baharain, mai tsara ƙa'idojin hada-hadar kuɗi ta Musulunci, bashin mai ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga maras tsarki kuma kada ya wuce kashi 5 na dukkan kuɗin shigarsa, sannan mai hannun jari ya fitar da wannan kaso daga abin da ya samu ya bayar. A kasuwar Legas akwai ma'aunin NGX Lotus Islamic, wanda aka fara a 2012, mai ɗauke da jerin kamfanonin da aka tantance bisa shari'a, kuma ana sabunta jerin lokaci-lokaci, don haka ki duba na baya-bayan nan kafin ki saya, ki kuma kai sunan kamfanin ga malamin da ya san fiƙihun kasuwanci ya ba ki hukunci a kansa.